Tarihin Wasan Yaƙi na Kan Tebur, daga Dara zuwa Fagen Dodanni

Wasan yaƙi na kan tebur wasa ne da mutum biyu ko fiye suke jan rundunonin kwaikwayo a kan taswira, ko a kan filin da aka ƙera da tuddai da koguna, suna bin rubutattun ƙa'idoji har wani ya rinjayi wani. Mayaƙan 'yan mutum-mutumi ne na darma ko na roba, ko kuma guntayen kwali masu lambobi. Aikin mai tsara irin wannan wasa kashi biyu ne. Akwai ƙa'idoji, waɗanda suke faɗin nisan da dakare zai ci kafin mahayi ya cim masa, da inda kibiya take kaiwa, da yadda za a gane wanda ya faɗi da wanda ya arce. Akwai kuma shimfiɗar fage, wadda masu sana'ar suke kira sinariyo: wace runduna ce take ina, mutum nawa gare ta, me ta fito nema, kuma yaushe za a ce an tashi daga yaƙi. Ɗaya daga cikin rassan da suka fi kasuwa a yau shi ne wanda ake ɗebo mayaƙansa daga littattafan almara masu sadaukai da matsafa da dodanni. Amma a barikin soja sana'ar ta girma, kuma tun kafin bariki tana da dangi a wasannin dabara da al'ummu suka gada kaka da kakanni.

A ƙasar Adar, daga birnin Tawa har garuruwan arewa irin su Takanamat inda manoma da makiyaya suke cuɗanya, wasan dabarar da kowa ya sani shi ne dara. Ba ta bukatar tebur. Ana tona gidaje talatin a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinke wancan tsakuwa. Da farko ana zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga tura su gida-gida, duk wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Zabarmawa suna kiranta dili, kuma Bafaranshe Charles Béart ya bayyana ire-irenta a littafinsa na wasannin Afirka ta Yamma da aka buga a Dakar a 1955. Akwai yaƙi a cikin dara: ana ɗana tarko, ana toshe hanya, ana ba da ɗa guda don a ci biyu. Sai dai yaƙi ne na adalci tsantsa. 'Ya'yan duk ƙarfinsu ɗaya, gidajen duk iri ɗaya, babu tudu babu kwari, babu abin da yake ɓoye, kuma sa'a ba ta da wurin shiga. Tarihin wasan yaƙi na kan tebur kusan dukkansa labari ne na yadda aka bi wannan daidaito ana rushe shi sashe-sashe, don wasa ya matso kusa da yaƙin gaske, inda ba safai rundunoni biyu suke haɗuwa ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.

Daidaiton 'ya'ya aka fara rushewa. A Indiya, wajen ƙarni na 6, aka yi wasan caturanga wanda ya kwaikwayi sassa huɗu na rundunar ƙasar, wato dakaru da mahaya dawaki da giwaye da kekunan yaƙi, kowanne da irin tafiyarsa. Ta Farisa ya bi ya shiga hannun Larabawa ya zama shaɗaranji, kakan wasan da yau ake kira ces. Gwanayen fadar Abbasiyawa a Bagadaza, irin su al-Adli da as-Suli wanda ya rasu wajen 946, sun rubuta littattafai a kansa, kuma cikin abin da suka bari akwai mansuba: a jera 'ya'ya a wani matsayi na tsakiyar wasa ko ƙarshensa, sau da yawa ɓangare ɗaya yana bakin halaka, a ce wa mai koyo ya nemo mafita. Shimfiɗar fage ta zamani jikar wannan dabara ce. Wasan ya iso har Borno, inda ake kiransa tsatsarandi, kuma a bayanin da C. K. Meek ya buga a 1934 manyan 'ya'yan suna ɗauke da sarautun fadar ƙasar, Mai da Ciroma da Kaigama.

Bayan 'ya'ya sai fili. A 1780, a Braunschweig ta ƙasar Jamus, Johann Hellwig, malamin lissafi da yake koyar da 'ya'yan manya a fada, ya fitar da wani wasa da ya faɗaɗa allon shaɗaranji zuwa gidaje 1,617. Ya shafa wa gidajen launi daban-daban, wannan dutse, wannan fadama, wancan ruwa, ya kuma sa dakaru da mahaya da igwa irin na zamaninsa a madadin tsoffin 'ya'ya. Wanda ya ƙwace ganuwar abokin gaba shi ya ci wasa. Abin ya samu karɓuwa, amma hafsoshi sun ga aibinsa, domin kogi ba ya bin layin allo, bataliya kuma ba ta cika murabba'i ɗaya cif.

Wasu mutanen Furushiya, uba da ɗa masu suna Reisswitz, su suka fitar da wasan daga gidajen allo. Uban ya fara da teburin yashi mai laima, a tara shi a yi tudu, a rarake shi a yi kwari, ana auna tafiyar soja da ma'auni. A 1812 ya miƙa wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani akwati mai aljihuna cike da fale-falen ƙasa da ake jerawa yadda ake so. Ɗan, hafsan igwa ne da ya halarci yaƙin Napoleon, shi ya kammala aikin a littafin ƙa'idojin da ya buga a 1824. Ya koma kan taswirar gaske mai ma'aunin 1 bisa 8,000. Kowane zagaye na wasa yana matsayin minti biyu na yaƙi. Rundunonin 'yan tubala ne masu launi, ɓangare ɗaya ja ɗaya shuɗi, launukan da sojojin ƙasashe da yawa suke amfani da su a atisaye har gobe.

Abu biyu da ɗan ya kafa su ne suka raba wannan wasa da danginsa na allo. Na ɗaya sa'a. Idan bataliya ta buɗe wuta, sai a jefa ƙwaya mai fuska shida irin ta ludo, a duba jadawali a ga mutum nawa suka faɗi, domin duk wanda ya tsaya bayan igwa ya san harbi iri ɗaya daga nisa iri ɗaya ba kullum yake yin ɓarna iri ɗaya ba. Na biyu rashin sani. 'Yan wasa suna rubuta umarni a takarda su ba alƙali, shi yake motsa rundunoni, kuma ba ya nuna wa kowa sai abin da mutanensa za su iya hangowa daga inda suke tsaye. Umarni ma sai ya ɗauki lokacin da ɗan aike zai ɗauka a kan doki kafin ya isa. Alƙalin nan shi ne kuma mai rubuta shimfiɗar fage, bayani na gaba ɗaya da kowa zai ji, sannan bayani na asiri ga kowane ɓangare. Da aka gwada wasan a gaban Janar von Müffling, babban hafsan hafsoshin Furushiya, sai ya yanke cewa wannan horon yaƙi ne sosai, ya shawarci rundunar ƙasar duka ta rungume shi. Da sunansa na Jamusanci, Kriegsspiel, duniya ta san shi.

Da Furushiya ta murƙushe Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka shiga binciken sirrinta. Sojan Ingila ya fitar da nasa ƙa'idojin a 1872, a Amurka kuma Charles Totten ya buga littafinsa Strategos a 1880. Amma jadawalai sun yi ta hauhawa har gajeren artabu yakan cinye awoyi ana lissafi. A 1876 wani hafsan Furushiya, Verdy du Vernois, ya kawo shawarar a ajiye yawancin ƙa'idoji da ƙwaya, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da saninsa. Tun daga nan masu sana'ar suka kasu biyu, har yau kuma ba su haɗu ba: masu son a rubuta komai don kada alƙali ya yi son kai, da masu son a taƙaita don kada wasa ya mutu a hannun lissafi.

Marubucin Ingila H. G. Wells yana cikin waɗanda suka fitar da wasan daga bariki suka kai shi ɗakin farar hula, da littafinsa Little Wars na 1913. Ƙa'idojinsa 'yan kaɗan ne. Dakare yana tafiyar ƙafa ɗaya ta ma'auni a zagaye, mahayi ƙafa biyu, ana auna su da igiya. Ana ja labule a tsakiyar fili lokacin jera mayaƙa don kada wani ya ga shirin wani. Harbi kuwa na zahiri ne, da 'yar igwar wasa mai harba guntun katako, sojan darmar da ya faɗi ya mutu ke nan. Wells mai ƙin yaƙi ne, kuma hujjarsa ita ce duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi 'yan lokuta zai gane irin wautar da take cikin babba. Shekara guda bayan fitowar littafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Ɗaya reshen, na kwali da taswira, a Amurka ya tsiro. Charles Roberts ya fitar da Tactics a 1954, ya kafa kamfanin Avalon Hill a 1958. Gudummawarsa ita ce jadawalin sakamakon gumurzu: a kwatanta ƙarfin mai kai hari da na mai tsaro, ɗaya da ɗaya ne ko uku da ɗaya, a jefa ƙwaya, jadawali ya faɗi wanda aka hallaka da wanda ya ja da baya. Daga 1961 kamfanin ya koma zana taswira da gidaje masu kusurwa shida irin na saƙar zuma, don tafiya ta kowace fuska ta zo daidai. A 1970 wasan PanzerBlitz na Jim Dunnigan ya zo da alluna uku da ake haɗawa ta hanyoyi daban-daban, da katunan fage goma sha biyu, kowanne da nasa mayaƙa da nasa sharaɗin nasara. Daga nan aka saba da cewa ƙa'idoji guda suna iya ɗaukar yaƙe-yaƙe da yawa, kuma rubuta fage fanni ne mai zaman kansa.

Almara ta shigo ne ta ƙofar masu wasan tarihi. Tony Bath na Southampton, wanda ya kafa ƙungiyar masu wasan yaƙin zamanin da a 1965, yana da matsala mai sauƙin ganewa: abokansa sun tara sojojin darma na zamani daban-daban, wannan Rumawa, wancan Misirawa, wancan barade masu sulke, tarihi kuwa bai taɓa haɗa su a fage ɗaya ba. Sai ya ɗauki duniyar Hyboria daga labaran sadauki Conan, waɗanda Robert E. Howard ya buga a mujallar Weird Tales tsakanin 1932 da 1936, domin Howard ya jera masarautu masu kama da waɗannan al'ummu duka a taswira guda. Bath ya raba masarautun ga 'yan wasa, suna aiko masa da umarni ta gidan waya, yana lissafa haraji da abinci da tafiyar runduna, idan rundunoni suka haɗu a buga yaƙin a tebur. Har halin sarakuna da hakimai yana fitarwa ta hanyar jan kati, wannan amintacce, wancan maci amana. Ya tattara dabarunsa a littafin da ya buga a 1973. Taswira da siyasa ya ɗauka daga Howard, sihiri bai samu babban wuri a wasansa ba.

Wanda ya tilasta wa masu sana'ar fuskantar sihiri shi ne J. R. R. Tolkien, malamin jami'ar Oxford, mai The Hobbit na 1937 da The Lord of the Rings na 1954 zuwa 1955. Labarin na biyu a kan wani zobe ne mai ƙarfin sihiri da azzalumi Sauron yake nema, wasu 'yan tsiraru suna ɗauke da shi a ɓoye zuwa dutsen wutar da aka ƙera shi don su hallaka shi, manyan rundunoni kuma suna gwabzawa a wani gefen. Da bugu mai araha ya cika kasuwar Amurka a 1965, ɗaliban da suke wasan yaƙi suka so ganin waɗannan yaƙe-yaƙe a teburinsu. A 1970 wani ɗalibi, Leonard Patt, ya buga gajerun ƙa'idoji na duniyar Tolkien a mujallar wata ƙungiya ta arewa maso gabashin Amurka. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, ƙa'idojin yaƙin zamanin sulke da garkuwa, da wani rataye a ƙarshe na halittun almara.

Wannan rataye ya cancanci a tsaya a kansa, domin hanyoyin da ya bi su ake bi har yanzu. Hanya ta farko ita ce a auna baƙon abu da sanannen abu. A ainihin ƙa'idojin, mutum-mutumi ɗaya yana wakiltar mayaƙa ashirin. Jarumi sai aka ce yana faɗa da ƙarfin mutum-mutumi huɗu, kuma ba ya faɗuwa sai an same shi sau huɗu a lokaci guda, babban sadauki kuwa ninkin haka. Matsafi aka mayar da shi igwa mai ƙafa: ƙwallon wutar da yake jefawa yana aiki da ƙa'idar majajjawar rusa ganuwa, tsawar da yake saukarwa da ƙa'idar igwa. Hanya ta biyu ita ce a keɓe manya da manya. Aka yi jadawali na musamman na karawar jarumi da dodo, ko matsafi da ƙato, da ƙwaya biyu, wanda talakan soja ba ya shiga. Hanya ta uku, wadda ta fi nuna an karanta littafin da idon basira, ita ce a mayar da abin da marubuci ya faɗa ya zama doka. Tolkien ya nuna mugayen halittun da ya kira ork ba sa jure hasken rana kuma ƙabilunsu ba sa ga maciji da juna, sai ƙa'ida ta rage musu ƙarfi da rana, ta kuma sa su iya afka wa junansu a tsakiyar fage. A The Hobbit maharbi guda ya kayar da dodo mai fukafukai mai aman wuta da kibiya ɗaya, sai ƙa'ida ta bar wa jarumi mai baka wannan 'yar dama. A nan gwanintar mai tsarawa take. Ba wuya a ba dodo lamba mai girma. Wuyar ita ce a gano raunin da marubuci ya dasa masa, a ajiye shi inda ɗan wasa mai hankali zai iya kaiwa gare shi.

Da yawa daga masu wasan tarihi sun ɗauki ratayen a matsayin shirme, amma shi ya jawo masu saye. A jihar Minnesota, David Wesely, wanda ya tono tsohon littafin Totten a ɗakin karatu ya koyi aikin alƙali daga cikinsa, ya riga ya gwada wasan da kowane mutum yake riƙe da mutum ɗaya maimakon runduna. Dave Arneson ya haɗa wannan da halittun Chainmail, shi da Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, wanda ya zama wani fanni daban. Darasi mai ɗaci ya biyo baya a 1977, lokacin da masu riƙe da haƙƙin kasuwancin littattafan Tolkien suka yi wa kamfanin TSR, mai buga wannan wasa, barazanar shari'a. Dole ya janye wasansa na Yaƙin Rundunoni Biyar, ya kuma sauya sunayen halittun da ya ara. Wasu sun kauce wa wannan tun da wuri ta hanyar ƙirƙirar duniyarsu, kamar Greg Stafford da wasansa White Bear and Red Moon na 1975.

Babbar matsalar ɗauko wasa daga littafi ba ta lambobi ba ce. Kowa a teburin ya karanta littafin, ya san ƙarshensa. A labarin Tolkien, Sauron ya faɗi ne saboda bai taɓa zaton wani zai nemi hallaka zoben ba, amma mai riƙe da Sauron a tebur ya sani sarai, kuma idan aka sake masa hannu sai ya tara rundunarsa a gindin dutsen wuta ya zauna jira. Kamfanin SPI ya yi fama da wannan a wasansa War of the Ring na 1977, wanda ya fito da izini, ya ɗaure hannun Sauron da ƙa'idojin bincike. Amsar da ta fi gamsarwa ta zo a 2004 daga Italiyawa uku, Roberto Di Meglio da Marco Maggi da Francesco Nepitello, a wani wasa mai wannan suna. Masu zoben suna tafiya a ɓoye, ba a ganin inda suke a taswira sai inda aka gan su na ƙarshe. Kowane zagaye mai Sauron yana raba ƙwayoyinsa, wasu ga farautar zobe wasu ga yaƙi, duk wanda ya ƙarfafa ɗayan ya raunana. Mayaƙansa idan sun mutu ana sake tara su, na abokan gabansa idan sun mutu sun tafi ke nan, kuma masarautunsu ba sa shiga yaƙi sai an shawo kansu. Sauron yana bukatar maki 10 na garuruwan da ya ci, abokan gabansa maki 4 kawai, ko su kai zoben dutse kafin gurɓatar mai ɗauke da shi ta kai 12. Rundunonin ba su yi kusa da daidai ba, amma kowa yana da hanyar cin wasa. Mai kallon langa ya san wannan tsari, inda ƙungiya take cin wasa idan ruwanta ya kai inda aka shata, komai yawan 'yan uwansa da aka kayar a hanya.

A ɓangaren mutum-mutumi, kamfanin Games Workshop da aka kafa a Landan a 1975 shi ya mamaye kasuwa da Warhammer, wanda Bryan Ansell da Richard Halliwell da Rick Priestley suka rubuta, ya fito a 1983. Ya yaɗa tsarin farashi: kowane mayaƙi da kowane dodo yana da makinsa, 'yan wasa biyu su yarda da jimla guda, kowa ya sayi rundunarsa da ita. Tsarin yana sauƙaƙa gasa tsakanin mutanen da ba su san juna ba, sai dai yana mayar da wasa ga daidaiton da aka shekara ɗari biyu ana gudu, kuma yaƙin da ba shi da dalili sai kashe juna bai kai wanda labari ya haifa daɗi ba. A 2001, tare da fim ɗin The Lord of the Rings na Peter Jackson, kamfanin ya fitar da wasan Tolkien na kansa, da fagage da aka ɗebo daga labarin kai tsaye. A cikinsa kowane jarumi yana da 'yan maki iri uku, na ƙarfi da na ƙudiri da na ƙaddara, waɗanda yake kashewa don gyara ƙwaya ko tsira daga sara, idan sun ƙare kuma ba sa dawowa. Da haka sadauki yake gagarar maza a farkon gumurzu, ya gaji a ƙarshensa, yadda marubucin ya nuna shi.

Adabin ƙasar Hausa yana da irin kayan da wannan sana'a take ci. Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa a Kwantagora da Bida, sannan ya wuce da jaruminsa ƙasashen aljanu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa sadauki ne da sadaukai da dodanni suke gwada ƙarfinsa. A Nijar, littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986, ya ɗauki turjiyar Sarauniyar Lugu ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, ya haɗa tarihi da asiri a jiki ɗaya. Wanda zai kai ɗaya daga cikinsu tebur zai tarar da tambayoyin da Gygax ya tarar. Layar da take hana ƙarfe cin jiki, sau nawa za ta yi aiki, kuma me yake karya ta? Aljani yana shiga jadawalin dakaru ko nasa daban? A Lugu, inda kibau suka fuskanci bindigogi, sharaɗin nasarar mutanen gari ba zai zama hallaka rundunar ba. Abin da ya dace da labarin shi ne a ce sun ci idan sun tsayar da ita na wasu zagaye har jama'a suka shige daji.

Tarihin yankin ma yana koyar da abin da ƙa'idojin Turai ba su tanada ba. A Tabkin Kwatto, a watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu Usmanu, yawancinsu 'yan baka a ƙasa ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, sun karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa da 'yan lifidinsa, don haka duk jadawalin da ya ba mahayi rinjaye kullum ya yi ƙarya, kuma dole ƙa'ida ta auna ƙwarin zuciya. Adar kanta, wadda Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci wajen 1674 kuma zuriyarsa suka riƙe sarautarta a Illela, ƙasa ce ta duwatsu da fako da kwaruruka irin na Majiya da Keita, arewa da ita kuma Azawak inda tafiya take bin rijiyoyi. Taswirar wasa ta wannan ƙasa tana bukatar dokar ruwa kafin dokar takobi: kwana nawa doki zai yi bai sha ba, kwana nawa raƙumi, me damina take buɗewa, me rani yake rufewa. Wanda kuma yake ƙyamar ƙwaya saboda kusancinta da caca yana da hanyar Verdy du Vernois, ta alƙali mai yanke hukunci da sani, kamar yadda guntun kwali mai rubutu yake wadatarwa a madadin mutum-mutumi.

Matakin da ba a tsallakewa shi ne gwaji. Ana buga fage sau da yawa, 'yan wasa suna musayar ɓangare, ana rubuta wanda ya ci da zagayen da ya ci. Idan ɓangare ɗaya ne yake ci kullum, sharaɗin nasara ake fara gyarawa, a bar yawan mayaƙa yadda littafi ya faɗa. Wanda kuma yake da niyyar sayar da wasan da ya ɗauko daga littafin wani, ya nemi izinin marubucin ko magadansa, da na kamfanin da ya buga littafin, kafin ya kai aikinsa maɗaba'a.